Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba aikin LASIK?

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai wani aikin ido da sunansa ke ƙara yawo a bakin masu sa tabarau, musamman masu fita neman magani Indiya da Masar da Dubai, ana ce masa LASIK. Har yau kowa da sunan da yake ba shi da Hausa. Wani ya ce aikin leza, wani ya ce wankin ido, wani ya ce aikin ajiye gilashi. Wasu daga cikinku sun kawo shawarwari, zan amsa musu ɗaya bayan ɗaya. Ina so mu haɗu mu tsayar da suna guda, domin wannan ba irin aikin da ake kai mutum ranga-ranga a yi masa ba ne. Mutum ne da ƙafarsa, idonsa ba ya ciwo, zai je ya biya kuɗi ya ce a taɓa masa ido don ya huta da tabarau. Mai yanke irin wannan shawara, sunan da aka fara faɗa masa shi zai ɗora tunaninsa a kai. In sunan ya ɓoye gaskiyar aikin, an cuce shi tun bai ga likita ba.

Kafin mu yi gardamar suna, mu san abin da ake taɓawa. A gaban baƙin ido akwai wani tantani garai-garai mai ɗan tudu, wanda haske ke fara ratsawa. Kaurinsa a tsakiya bai wuce rabin milimita da 'yan kai ba, wato wajen maikiron 540 (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya), amma shi ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske zuwa bayan ido. Idan tudunsa ya yi yawa, ko ƙwayar idon ta yi tsawo, mutum ba ya ganin nesa. Idan ya yi ƙasa, ganin kusa ke ba shi wahala. Idan kuma tudun ya karkace, wani ɓangare ya fi wani, sai ya riƙa ganin abu dishi-dishi, nesa da kusa. (Don Allah 'yan jarida a daina rubuta "rashin hangen nesa" ga mai matsalar farko. Wannan zagi ne a Hausa. Rashin ganin nesa ake nufi.) Tabarau yana gyara hanyar hasken ne daga waje. LASIK kuwa yana canza siffar tantanin kansa. Ni dai "tantanin baƙin ido" nake kiransa, kuma ban ga mai musu a kan wannan ba tukuna.

Ga yadda aikin yake. Mutum zai kwanta rigingine, ido biyu, ba a sa shi barci. A ɗiga masa maganin kashe zafi, a sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar idon kada ya ƙifta. Sai a ɗora zobe mai zuƙa a kan idon, ya ji an danne shi, ganinsa ya dushe na 'yan daƙiƙoƙi. A nan ne ake yanko siririn marfi daga saman tantanin, kaurinsa wajen maikiron 100 zuwa 120 idan da hasken leza aka yanka, a bar gefe ɗaya a manne, a ɗaga shi. Daga nan a ce ya kafa ido a kan wani ɗigon haske mai ƙyaftawa. Na'ura ta fara ƙas-ƙas-ƙas, kowane bugu yana ɗebe kusan rubu'in maikiron daga naman da ke ƙarƙashin marfin, har ya ji wani ƙauri kamar na gashi. Yawanci ko minti ɗaya ba ta cikawa a kan ido guda. A mayar da marfin, a shafe shi ya kwanta, babu ɗinki. Mai lambar tabarau -5, za a ɗebe masa wajen maikiron 60 ko fiye. Naman da aka ɗebe ba ya sake tsirowa har abada, kuma wannan shi ne abin da nake so sunan ya riƙe.

Na fara da "aikin ido" da "wankin ido", don su ne suka fi saurin zuwa baki. Duka biyun suna da mai su. Duk wanda ya taɓa raka tsoho Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko asibitin ECWA ko na Makka a Kano, ya san in an ce an yi wa Baba aikin ido, yana ake nufi: an cire madubin cikin ido da ya yi fari, an sa masa na roba. Wancan aiki ne na ceto gani, mai jinkirta shi yana iya makancewa. Wannan kuwa mai ƙin yin sa ba abin da zai rasa sai dai ya ci gaba da sa tabarau. Haɗa su a suna ɗaya zai ɓata duka biyun: mai yana ya ɗauka aikinsa na 'yan gayu ne ya ƙi zuwa, mai tabarau kuma ya ɗauka nasa dole ne. Wanki kuma datti ake wankewa, alhali babu wani datti a idon mai rashin ganin nesa.

Malam, ka ce mu tsaya a kan "aikin leza" tunda shi ya riga ya shiga bakin mutane, kuma Hausa ba ta ƙyamar aro. Na yarda da rabin maganarka. Ita na'urar, a bar mata sunanta. Kalmar haruffan farko ne na wani dogon suna na Ingilishi, Theodore Maiman ne ya fara haɗa na'urar a Kalifoniya a 1960, kuma yaranmu ma sun san ta daga 'yar tocilan ɗin nan mai jan ɗigo. Mun karɓi tiyata, mun karɓi apolo, wanda ya samo sunansa daga barkewar ciwon ido a Gana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata. Leza ma za ta zauna. Sai dai ina roƙon a riƙa cewa "hasken leza" a rediyo da gaban marasa lafiya, domin tsakanin leza da reza harafi ɗaya ne, kuma mu mutane ne da wasunmu ke cewa harshe wasu halshe. Tsohuwa ta ji an ce za a yi wa jikanta aikin ido da leza, reza za ta ji. 'Yan'uwanmu na Maradi da Damagaram da suka ɗauko kalmar daga Faransanci suna cewa lazer, su faɗa mana ko su ma suna samun wannan ruɗani.

Inda na rabu da kai, Malam, shi ne sunan aikin. Likitocin ido suna amfani da hasken leza a wurare da yawa da ba su da alaƙa da juna. Ana ƙona jijiyoyin jini da shi a bayan idon mai ciwon suga. Ana buɗe hanyar ruwa da shi ga mai hawan jinin ido. Ana huda tantanin da ya yi hazo bayan aikin yana. Duk waɗannan aikin leza ne, kuma duk na jinya ne. Idan likita ya ce wa mai suga yana bukatar aikin leza cikin gaggawa, shi kuma ya ji a gari cewa aikin leza na masu gudun tabarau ne, ka ga an yi ɓarna. Sunan kayan aiki ba ya isa ya zama sunan aiki.

Hajiya, naki "aikin ajiye tabarau" ya fi kowanne daɗin ji, kuma shi na fi tsoro. Alkawari ne, ba suna ba. Gaskiya ne yawancin waɗanda aka yi wa aikin suna ajiye tabarau. Amma daga shekara 40 zuwa sama madubin cikin ido yana fara taurarewa ga kowa, karatun ƙananan rubutu ya gagara, kuma LASIK bai taɓa wannan madubi ba. Wanda aka yi wa aikin yana ɗan 28, in Allah Ya kai shi 45 zai nemi gilashin karatu kamar kowa. Hasali ma mai rashin ganin nesa da a da yake cire tabarau ya karanta Alƙur'ani ko saƙon waya, bayan aikin ya rasa wannan dama idan shekaru sun zo. Akwai kuma waɗanda gyaran bai cika ba, sai an sake taɓawa ko su koma ga tabarau mai sauƙi. Sunan da asibitin kuɗi zai yi murnar rubutawa a allon talla, bai kamata mu muka ƙirƙira masa shi ba.

Wani ɗan'uwa ya kawo "ƙona ido". Wannan kuskure ne a ilmance. Irin hasken lezar da ake amfani da shi a wannan aiki ba da zafi yake aiki ba, yana tsinka haɗin ƙwayoyin naman ne su tashi kamar tururi, abin da ke gefe bai ƙone ba. Abin da Rangaswamy Srinivasan da abokan aikinsa suka gano ke nan a kamfanin IBM a farkon shekarun 1980, kuma a kansa aka gina aikin gaba ɗaya. Ƙaurin da ake ji shi ke sa mutane zaton ƙuna. "Daidaita gani" kuma babu ƙarya a cikinsa, amma tabarau ma daidaita gani yake yi, don haka bai bambance komai ba.

Shawarata ita ce "sassaƙar ido", cikakkensa "sassaƙar tantanin ido da hasken leza". Masassaƙi idan ya sa gizago a itace zai fitar da turmi, ragewa yake yi har siffa ta fito, kuma sassaƙen da ya faɗi ƙasa ba ya komawa jikin itacen. In itacen siriri ne, ba ya yin turmi, zai fashe. Haka tantanin yake: likita na ƙoƙarin barin aƙalla maikiron 250 a ƙarƙashin marfin, da yawa ma sun fi son 300, don in ya yi siriri fiye da kima yana iya bulluƙowa gaba, gani ya lalace fiye da da. Shi ya sa ba a yi wa mai siririn tantani, ko wanda nasa ya fara tsini. Kuma ba ni na ƙago ma'anar ba. Ƙarshen sunan LASIK daga wata kalmar Girkanci yake wadda ke nufin sassaƙar wannan tantani, ita José Barraquer ya ba aikinsa a Bogota ta Kolambiya tun kafin zuwan leza, lokacin da yake yanko tantanin ya daskarar da shi ya sassaƙe shi a injin ya mayar. Ioannis Pallikaris na tsibirin Kirit a Girka ne ya haɗa dabarar marfi da hasken leza wajen 1990 ya raɗa sunan da muke ji yau. Waɗanda suka ƙirƙiro aikin ba su ɓoye cewa sassaƙa ce ba, gajarta sunan ce ta ɓoye.

Wani amfanin kalmar, tana ɗaukar 'yan'uwan aikin duka. PRK, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da shi a 1995, kafin LASIK, ba a yin marfi, ana kankare fatar saman ne a sassaƙa kai tsaye. Ya fi zafi da jinkirin warkewa, amma babu marfin da naushi ko faɗuwa za su iya gusarwa. Sai mu ce sassaƙa ba marfi. LASIK, sassaƙa mai marfi. SMILE, wanda aka amince da shi a Amurka a 2016, ana yanka ɗan faifai a cikin naman a zaro shi ta ƙaramar kafa, sai mu ce sassaƙa ta ciki.

'Yar'uwa ma'aikaciyar jinya, kin ce kalmar za ta firgita mutane su guji aikin da zai amfane su. Na ji ki, kuma da aikin yana muke magana da na bi bayanki, don can tsoro makanta yake jawowa. A nan kuwa ɗan tsoro ba ya cutar da kowa. A binciken da FDA ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2017, fiye da kashi 95 cikin ɗari sun gamsu da ganinsu bayan aikin. A cikin binciken nan dai, har kashi 46 na waɗanda ba su da wata damuwar gani a da sun ce bayan wata uku suna ganin sabon abu, kamar zobe kewaye da fitila da dare, kuma har kashi 28 na waɗanda ba su da bushewar ido sun same ta. Waɗanda abin ya hana su harkokinsu ba su kai kashi 1 ba, amma mutane ne. Bushewar tana zuwa ne don yankan marfi yana tsinka jijiyoyin da ke sa ido ya kawo hawaye, kuma ki tuna mu a ina muke zaune. Mai idon da ke raɗaɗi duk hunturu, ko direban da ke kwana a hanyar Kano zuwa Legas fitilu na dukan fuskarsa, ya kamata sunan ya sa su tsaya su yi tambaya. Haka wanda bai kai 18 ba, da wanda lambar tabaransa ta canza cikin shekarar da ta wuce, da mai juna biyu ko shayarwa, da mai sugan da bai daidaita ba: duk waɗannan likitan kirki ce musu zai yi su dakata.

Ƙorafin da ya fi nauyi a wurina shi ne na dattijon da ya ce sassaƙa tana kawo wa Bahaushe tunanin gumaka da canza halittar Allah. Baba, Allah Ya ƙara girma, maganarka abin dubawa ce. Abin da na sani shi ne malamai sun bambanta gyaran lahani da canza halitta don ado, kuma rashin gani da kyau lahani ne. Sannan allon da muka yi karatu da shi da akushin da muka ci tuwo a ciki duk masassaƙi ne ya yi su, kalmar ba ta gumaka kaɗai ba ce. Duk da haka in malamanmu da likitocin ido masu jin Hausa sun ga "kankarar ido" ta fi dacewa, zan saurara, ko da yake kankara sama-sama take, ta fi kama da PRK, ba ta nuna ana fitar da sabuwar siffa ba.

Inda muka tsaya ke nan: na'ura, hasken leza, abin da ake taɓawa, tantanin baƙin ido, aikin, sassaƙar ido. Abin da ya rage mana shi ne sunan ciwon da tantanin ke yin tsini, wanda shi ne babban abin da ke hana a yi wa mutum aikin. Na ji wani ya ce "tsinin tantani". Likitocin ido da ke tare da mu, me kuke ce wa marasa lafiyarku a ɗakin duba su?