Sauke injin Porsche Boxster a gida: waɗanne kayan aiki ake bukata?

Ɗan_Hotoro:

Assalamu alaikum, manyanmu masu sana'a. Motar Porsche Boxster ce ƙirar 2001, injin lita 2.7, giyar hannu mai biyar, 'yar Kwatano. Baƙin mai yana ɗiga daga tsakanin injin da giyabos, kulochi ya fara sulɓi a giya ta huɗu, kuma tana fitar da farin hayaƙi idan aka tashe ta da safe. Niyyata in sauke injin gaba ɗaya a garejin gida, in yi kulochi, oyil sil na baya, boris ɗin IMS (na sandar cikin injin da ke miƙa juyi ga kamshaf), famfon ruwa da duk robar da ta tsufa, a yi ta sau ɗaya a huta. Abin da ke hannu: jak mai taya na tan 2, ƙafafun tokare mota guda biyu, akwatin soket da sifanu, sai cen bulok da zan iya arowa. Daɓen garejin siminti ne. Me ya rage in nema kafin in kwance noti na farko, kuma wanne ne ake samu a nan Kano?

Bakanike_Kwakwaci:

Wa alaikumus salam. Alhaji, fara da mayar wa mai cen bulok kayansa. Injin wannan motar a tsakiya yake, bayan kujeru, kuma ta ƙasa yake fita. Ƙofar da ke samansa ta zura hannu ce kawai, injin ba zai bi ta nan ba. Ramin gareji ma ba ya taimako, don ba ka da inda za ka ɗora abin da zai tare nauyin. Aikin gaba ɗaya shi ne a ɗaga mota sama a bar injin a ƙasa, saboda haka kuɗinka na farko kan abin ɗagawa da abin tarewa zai tafi, sifana daga baya.

Injin da giyabos a haɗe sun doshi kilo 250. Abin da ya fi dacewa shi ne teburin nan mai taya da ake ɗagawa da feda, wanda aka rubuta masa kilo 500. Na kilo 300 zai ɗauka a takarda, amma idan ya miƙe sama yana rawa, kuma nauyin nan ba a tsakiya yake ba, ya fi karkata wajen injin. Ka shimfiɗa katako mai kauri a kan teburin, ka sa gutsattsarin katako ta yadda nauyin zai sauka a gefen jikin injin da ƙasan giyabos. Kada ka bar shi ya zauna a tsakiyar farantin man da ke ƙasa, alminiyam ne, yana tsagewa.

Sai tsawo, wanda nan ne yawancin masu yi a gida suke maƙalewa. Kafin ka sayi komai ka auna: tsawon injin daga ƙasansa zuwa saman bututun iska, ka haɗa da tsawon teburin idan ya kwanta ƙasa ƙurmus, da kaurin katakon. Yawanci lissafin yana kai bayan motar wajen santimita 85 zuwa 90 daga ƙasa. Cire bamban baya da tukunyar salansa yana rage maka da yawa, don ta baya za ka jawo shi. Ƙananan ƙafafun da kake da su ba za su kai ba. Nemi na tan 6 guda huɗu, ba don motar ta kai wannan nauyin ba, sai don tsawonsu da faɗin gindinsu. Jak ɗinka ma ba zai kai a tashi ɗaya ba, za ka riƙa ɗagawa kana tokarewa, ka ƙara katako a ƙarƙashin jak ka sake ɗagawa, dama da hagu kaɗan-kaɗan. Wuraren tokarewa huɗu ne a ƙarƙashin gefen motar, nan kaɗai ake sa ƙafa.

Abu biyu da ba na wasa ba. Bulon siminti ba ya tokare mota, ba ya lanƙwasa ya ba ka gargaɗi, fashewa yake yi farat ɗaya. Na biyu, birkin hannu tayoyin baya yake kamawa, da zarar baya ya tashi ba abin da ke riƙe motar, sai ka datse tayoyin gaba da katako gaba da baya. Kuma ka tuna idan kilo 250 ya fita daga bayanta, motar za ta yi sauƙi ta can, zamanta a kan ƙafafun ya canza. Ka girgiza ta da hannu kafin wani ya shiga ƙarƙashi.

Na hannu kuwa: soket daga 8 zuwa 19 gajeru da dogaye, 24 na sassauta fanbel, 32 na masu ɗaure sarƙar taimin, alanki masu kan soket, Torx (masu kan tauraro) har zuwa T55, da saitin nan mai haƙora goma sha biyu da ake kira XZN. Cikin kusoshin da suka haɗa injin da giyabos akwai ɗaya mai kan XZN 10, kuma Torx yana shiga cikinsa kamar zai yi, sai ya cinye kan. Ka tanadi dogayen sanduna na ƙara wa soket tsawo da gwiwa mai juyawa, da filayar cire kilif ɗin tiyo mai doguwar waya, don tiyoyin ruwan suna lungun da filaya ta yau da kullum ba ta shiga. Soket, sifana, ƙafafu da jak duk za ka samu a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa. Ka riƙe soket ɗin a hannu ka gwada shi a kan noti kafin ka biya.

Injiniya_Sharaɗa:

Oga ya gama magana kan ɗagawa. Ni inda zan ɗan saɓa shi ne, kulochi da oyil sil na baya da IMS duk ana yinsu da sauke giyabos kaɗai, injin yana rataye a motar an tokare shi. Farin hayaƙin nan ma galibi daga robar da ke raba mai da iska ne, wadda ake kira AOS, ita ma ana canza ta injin yana ciki, sai dai da yagar hannu. Malam, idan waɗannan ne kawai, ka rage wa kanka rabin wahala. Amma tunda motar ta haura shekara 20 kuma kana son ka taɓa bututun fulogi, tiyoyi, kujerar injin ta gaba da famfon ruwa, saukewar tana da hujja.

Sifanar awon ɗauri biyu kake bukata, ƙarama mai farawa daga ƙasa da Nm 10 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), da babba mai kaiwa 200, sai ma'aunin kusurwa. Jikin injin alminiyam ne, ɗaurin "sai ya yi ƙara" da aka saba yi wa tsohuwar Peugeot zai zare maka zaren ramin. Kusoshin famfon ruwa Nm 10 ne kacal. Farantin matse kulochi 23. Fulogi 30. Notin zubar da baƙin mai 50. Kusoshin taya 130. Fulawil kuwa kusoshinsa takwas ne masu kan T55, ana ɗaure su Nm 25 sannan a ƙara juyi digiri 120, kuma sau ɗaya ake amfani da su domin miƙewa suke yi. Ka sayi sababbi tare da kulochin. Kana bukatar ƙarfen da zai kama haƙoran fulawil ya hana shi juyawa, wannan mai walda zai haɗa maka, da sandar daidaita tsakiyar farantin kulochi wadda yawanci tana zuwa cikin kwalin. Fulawil ɗin mai ɓari biyu ne da sifirin a tsakani. Ka murɗa shi da hannu dama da hagu, idan bai dawo wurinsa ba ya mutu, kuma sabon kulochi a kansa asara ce.

IMS shi ne wurin da kuskure ɗaya ke cin injin. Boris ne a ƙarshen sandar da ke karɓar juyi daga kiranshaf ta miƙa wa kamshaf ta hanyar sarƙa. Kafin ka taɓa murfinsa, sai ka juya injin ta hannun agogo har fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa, ka zura fil mai kaurin milimita 8 ta ramin fulin gaba ya kulle kiranshaf, ka cire korayen robobin da ke toshe ƙarshen kamshaf ka sa ƙarfen kulle shi, sannan ka zare masu ɗaure sarƙa. Dalili shi ne sarƙoƙin suna jan sandar gefe. Idan ka cire murfin suna ɗaure, sandar za ta goce daga tsakiya, murfin ya ƙi komawa, ko sarƙa ta tsallake haƙori, ranar tashi bawul ya gaisa da fistin. Daga lokacin da ka zare su kada injin ya motsa ko kaɗan. Masu ɗaure sarƙar guda uku ne kuma ba iri ɗaya ba ne, ka rubuta wa kowanne wurinsa. Korayen robobin ma sababbi ake mayarwa.

Injin 2001 mai sarƙa biyar ne, mai uku ya fara ne daga ƙirar 2003, kuma ƙarfen kullewarsu ya bambanta, ka faɗa wa mai sayarwa. Boris ɗin kuma a ƙirar 2000 da 2001 yana iya zama mai layi biyu ko mai layi ɗaya, ba a ganewa da shekara. Sai ka cire fulawil ka ga siffar murfin, mai zurfi ko marar zurfi, sannan ka yi oda. Abin zaro tsohon da abin tura sabon saiti ne na musamman, wannan kam daga kasuwar Ladipo a Legas ko daga waje zai zo, ka lissafa makonnin jira cikin aikin. Sabon boris ana sanyaya shi kafin a tura don ya ɗan tsuke. Idan ba wuta, ka ɗaure shi a leda biyu ka binne cikin ƙanƙara.

Oyil sil na baya sabon samfurin ba a shafa masa mai, a bushe yake shiga, ba a taɓa leɓensa da yatsa, kuma zurfinsa milimita 13 ne daga fuskar kiranshaf, daidai ko'ina. Wanda aka buga da guduma da guntun katako yakan shiga a karkace, bayan ɗan lokaci ɗigar ta dawo.

MaiRewaya_Fagge:

Ranku ya daɗe, bari in sa baki ta ɓangarenmu, don akwai abin da ake yi kafin a cire batir. Rufin motar da lantarki yake aiki, kuma sai an buɗe shi rabi an ɗaga bayansa ake kaiwa ga murfin saman injin. Ka sa shi a wannan matsayi tukuna, ka sauke gilasan ƙofa kaɗan, sannan ka cire kan batir. Batirin yana but na gaba, makullin but ɗin kuma yana bukatar wuta, saboda haka ka ɗora tsumma a kan maƙallin kada wani yaro ya rufe. Ka nemo lambar rediyo ma tun yanzu.

Wayoyin injin ba a cire su ɗaya-ɗaya daga jikinsa. Ƙwaƙwalwar motar tana but na baya a bayan kafet, can ake zare manyan filogan a tura damin wayar ta ramin roba ya bi injin ƙasa. Abin da aka fi mantawa shi ne wayar as da ta haɗa injin da bodi, babbar wayar kik da altaneta, wayoyin na'urar awon hayaƙi a salansa, filogin fitilar ribas a giyabos, da siririn tiyon iska na birki. Saukar da teburin santimita biyar-biyar ake yi, mutum ɗaya a kan feda, ɗaya da tocila yana leƙawa ta sama da ta murfin bayan kujeru. Abin da ya miƙe, a tsaya. Filogan nan zafi ya gasa su shekara da shekaru, da ƙaramin tsinke ake ɗaga harshensu. Farin salatif da maka, ka sa lamba a kowane gefe, ka ɗauki hoto da waya kafin ka raba.

Kwamfireson AC kwance shi ake yi daga jikin injin a ɗaure shi gefe da waya, tiyoyinsa a haɗe, gas ɗinka bai tafi ba. Haka silindar kulochi da ke jikin giyabos, a kwance a rataye, kada a taka feda bayan nan. Tiyon fetur yana riƙe da matsi ko mota a kashe take, ka naɗe shi da tsumma kafin ka zare, janareta kuma ya yi nisa da ƙofar gareji, da abin kashe gobara a kusa.

Bakanike_Kwakwaci:

Na manta ruwa. Lagiretocin motar a gaba suke, injin a tsakiya, dogayen bututu sun haɗa su, don haka ruwan ya kai wajen lita 18. Ka tanadi baho mai faɗi da jarka mai lita 20, baƙin mai kuma lita 8 da ɗoriya, kusan 9 da filta. Wahalar a wajen mayarwa take. Iska tana maƙalewa a bututun, allura ta nuna lafiya a tsaye, ka shiga cunkoson Katsina Road a watan Afrilu ta tafasa. Na'urar da ke zuƙe iskar ta ja ruwan da kanta ita ce magani, amma tana son kwamfireson iska, ko na mai faci ne a aro. In babu, akwai ɗan bawul na fitar da iska a kan tankin ruwan a but na baya, a ɗaga ƙarfensa a bar shi a buɗe, a ɗaga bayan motar, a riƙa ƙarawa. Rabi maganin ruwa irin mai ruwan hoda, rabi tataccen ruwa. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin gishiri a ciki. Man sitiyari kuma Pentosin CHF 11S ne, kore, kada a zuba masa jan man giya.

Kusoshin salansa ka fara jiƙa su da man sassauta tsatsa kwana biyu kafin ranar, motocin da suka zauna a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi suna zuwa da su a cinye. Idan ɗaya ya karye a cikin kan silinda, kada ka ɗora masa dirila da hannu, a kira mai walda ya ɗana noti a kan guntun.

Kuma in aikin zai faɗo cikin hunturu, duk ramin da ka buɗe, na iska ko na mai, ka toshe da tsumma mai tsabta ka bi da salatif a take, ka rubuta adadinsu a bango don ka ƙirga wajen cirewa. Ƙurar kwana uku ta isa ta shiga inda ba ka so.

Ɗan_Hotoro:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Zan fara da awon tsawon rufin garejin, don ban tabbata bayan motar zai tashi santimita 90 rufinta a buɗe rabi bai taɓa silin ba. Injiniya, ƙarfen kulle kamshaf ɗin na mai sarƙa biyar, gefe ɗaya ya wadatar ko sai an kulle duka biyun?

Injiniya_Sharaɗa:

Da yawa suna kulle gefe ɗaya, na silinda 1 zuwa 3, su wuce. Tunda injin zai kasance a ƙasa kuma ko'ina a buɗe yake, sayi biyu ka kulle duka. Bayan ka mayar da masu ɗaure sarƙa, ka cire ƙarafan da fil ɗin, ka juya injin da hannu zagaye biyu cikakku, ka mayar da fil, ka duba ko tsagar ƙarshen kamshaf ta dawo daidai inda take. In ba ta dawo ba, kada giyabos ya hau.