Rambo zai dawo: in sayi majigi ko in haƙura?

Mai Gidan Kallo, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma ta kuɗi ce. Ina da gidan kallon ƙwallo a unguwar Zariya nan Maraɗi, rumfar kwano da tele babba guda. Asabar da Lahadi ana cika, sauran ranaku kuwa bencina ne kawai. Tun da labari ya bazu cewa za a yi sabon Rambo samari ke damuna in dawo da fim. Na kwashi adashe jika 200, wato sefa dubu 200. Abin da ke raina shi ne in sayi majigi, in riƙa haska guda 5 na baya, ɗaya kowace Alhamis da dare, kuɗin ƙofa dala 20, wato sefa 100, kafin sabon ya iso. Gurup, wato janareta, ina da shi, kada a ce in saya. Tambayata biyu: wane irin majigi kuɗin nan zai saya wanda ba zai mutu a hannuna ba? Sannan yara 'yan ƙasa da shekara 15, in bar su su shiga ko in hana? Su ne rabin masu zuwa wurina.

Ɗan Bagalam:
Wa alaikumus salam. Allahu akbar, Rambo! Na 3 ya fi duka, na 1988, wanda ya shiga Afganistan ya ƙwato Kanar Trautman daga hannun sojan Rasha. Wurin da ya zuba garin harsashi a rauninsa ya cinna wuta, har yau in na tuna jikina tsuma yake. Fara da shi, wallahi rumfar ba za ta ɗauki mutane ba.

Na Tibiri:
Ni shawarata ka fara sayen gurup. Majigi ba wutar kuran wahala ce.

Mushe Lakwal:
Na Tibiri, ai ya ce yana da gurup. Kuma a gyara zance tun da wuri, don samarin da ke ɗoki ba su san abin da suke jira ba. Sabon fim ɗin ba Stallone, jarumin guda 5 na baya, ne a ciki ba. An haifi Stallone a 1946, ku lissafa da kanku. Labarin ƙuruciyar Rambo ne lokacin yaƙin Biyetnam, wani matashi Noah Centineo aka ba matsayin, mai ba da umarni kuma Jalmari Helander ne, ɗan ƙasar Finlan. Ranar da yara suka biya kuɗi suka ga wata fuska daban, kai za su tsare da tambaya.

Ɗan Bagalam:
To in ba shi ba ne ai ba Rambo ba ne. Su sa masa wani suna.

Bazabarmen Gari:
A kai fim ɗin Tibiri a ɗauki Bagobiri, tsagen fuskarsa kaɗai ya isa bos ya ajiye bindiga.

Na Tibiri:
Kai dai ci gaba da cin arzikin iyayen gidanka, bawanmu.

Alhaji Mai Kayan Wuta:
Ƙanena, majigi mai kyau sabo ba ka samunsa ƙasa da jika 250. Duk wanda ya ce maka ƙasa da haka na wasan yara zai ba ka, in an kunna fitila ɗaya a rumfar hoton ya ɓace.

Ɗan Kasuwar Jibiya:
Alhaji da girmanka. Jika 85 na kawo wa wani a Madarumfa, yana aiki har gobe. Na hannu ne, amma ƙwansa lafiya lau.

Tsohon Mai Bidiyo, Sabon Gari:
Yaro, saurare ni, don hanyar da kake son bi na riga ka taka ta. A ƙarshen 2019 na sayi majigi na hannu jika 130 wajen wani mai zuwa Katsina. Bai rufa wata biyu ba ƙwan ya ƙone, na sake zuba jika 45. Wannan duk mai sauƙi ne, kuɗi ne.

A lokacin ne Rambo na 5 ya fito, wanda ya yi faɗa da 'yan daban Meziko masu safarar mata. Na samu kwafi mai kyau, na rubuta a allo bakin ƙofa, daren nan har a ƙasa aka zauna. Cikin yaran akwai wani da bai wuce shekara 12 ba, baƙo ne a unguwar, danginsa suka ɗauko shi daga wajen Gidan Rumji. Kun san shekarar ce mutane suka yi ta kwararowa daga Sakkwato da Zamfara saboda 'yan bindiga. Da aka zo wurin da motoci suka shigo gonar Rambo aka fara harbi a cikin ramukan ƙarƙashin ƙasa, sai yaron nan ya fasa ihu yana kiran babansa. Ya shige ƙarƙashin benci, ya jiƙa wandonsa, sauran yara suna dariya. Da ƙyar muka jawo shi, jikinsa na karkarwa, haƙoransa na haɗuwa.

Da safe kawunsa ya zo. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya zauna ya gaya mini abin da aka yi wa uban yaron a gaban idonsa, ya tashi ya tafi. Bayan nan magana ta shiga gidaje. Aka kai ni wajen mai unguwa, aka ce ina lalata tarbiyya, mai fili ya ce in kwashe kayana kafin ƙarshen wata. Abin da ke ƙona mini rai har yau, waɗanda suka fi ɗaga murya a zauren, da su muka yi layin silima muna yara, wasunsu ma a daren suna zaune a bencin gaba. Ba wanda ya buɗe baki ya ce shi ma ya kalla. Majigin jika 40 na sayar da shi, bencinan wani mai shayi ya saya. Yanzu kabu-kabu nake yi.

Maman 'Yan Biyu:
Innalillahi. Baba, Allah ya musanya maka da alheri, ya ba yaron nan lafiya. Ni dai 'ya'yana ba za su taka wurin ba. A ƙarshen fim ɗin nan fa ƙirjin mutum ya tsaga ya ciro zuciyarsa da hannu, ƙanena ya nuna mini a waya, ranar ban iya cin tuwo ba. Garin da ake kwana da fargabar ɓarayin shanu da masu satar mutane a Gabi da Ɗan Isa, me yara za su ƙaru da shi?

Ɗan Bagalam:
Hajiya, mu ma da shi muka tashi, wa muka kashe? Masu bindigar daji ba a gidan bidiyo suka koya ba.

Mushe Lakwal:
Kowa na da gaskiyarsa a nan, amma ku raba finafinan. Na farko, na 1982, labarin tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙi ƙwaƙwalwarsa a rikice, 'yan sandan wani ƙaramin gari suka wulaƙanta shi. Mutum ɗaya tak aka nuna ya mutu a ciki, wanda ya faɗo daga jirgi mai saukar ungulu, kuma a ƙarshe jarumin kuka yake yi a jikin kanar ɗinsa. Abin da ya samu yaron da Baba ya ba da labari, shi ne ainihin abin da fim ɗin ke magana a kai. Na 2008 kuwa, na ƙasar Bama, wanda Stallone ya ba da umarni da kansa, yankan naman mutane ne daga farko har ƙarshe. Ni ba zan bar ɗan ajina ya kalle shi ba, ko da kyauta.

Ɗan Kasuwar Jibiya:
Da Mushe da Baba duk ba su ne za su ba ka shawarar kasuwa ba. Ɗaya albashi yake jira, ɗaya kasuwar ta kayar da shi. Tambayi wanda ke ciki yanzu.

Alhaji Mai Kayan Wuta:
Kai yaro, iya bakinka. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mutum ya buɗe cikinsa ya faɗi abin da ya same shi, kai kana neman sayar da majigin jika 85. Kuma ƙwan da ya ce jika 45, an cuce shi, jika 30 ne a wurina.

Mai Tura Fim a Waya:
Ni ina ciki yanzu, to ku ji. Duk guda 5 ɗin ina tura su a memori dala 50, har da masu fassarar Hausa. Yaron da zai ba ka dala 20 sau 5 ya riga ya kalle su a ɗaki shi da abokansa. Ƙwallo ake biya wa kuɗi don kai tsaye ce. Sabon kuma sai ya gama zagaya silimomi, watanni su wuce, kafin kwafi mai kyau ya zo hannunmu, ranar da ya zo kuma kowa ya samu.

Mai Gidan Kallo, Zariya:
Na gode ƙwarai. Baba, labarinka ya taɓa ni. To in na hana yara gaba ɗaya, manya kaɗai za su mayar mini da kuɗin? Kuma har yanzu ba a gaya mini irin majigin ba.

Na Tibiri:
Lissafa man gurup tukuna. Sefa 499 aka sa lita a gidan mai a 2024, shi ma in ka samu, wajen 'yan ruwa-ruwa kuwa tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023 sauƙin da muka sani ya tafi.

Bazabarmen Gari:
A kira Rambo ya zo ya gyara mana layin wuta, shi ne fim ɗin da zan biya jika in kalla.

Maman 'Yan Biyu:
Wallahi kuwa. Daga Agusta 2023 da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Katsina ta Gazawa na daina sayar da ƙanƙara, har aka maido ta a 2024 jarina bai dawo ba. Firjin na nan a kashe, amma takardar kuɗin wuta ta wata-wata ba ta fashi.

Alhaji Mai Kayan Wuta:
Hajiya, koma mita mai kati, abin da kika sha shi za ki biya.

Tsohon Mai Bidiyo, Sabon Gari:
Mai katin ma sai ka san wani. Maƙwabcina ya kai takardunsa tun kafin azumi, kullum ce masa ake ya dawo mako mai zuwa. Hajiya, a wace unguwa kike? Mu nan jiya tun la'asar aka ɗauke, sai bayan sallar asuba.