Zan kai kyamarar yayana Maroko, ku ba ni shawara

Ɗan Auta: Salamu alaikum. In Allah ya kai mu wata mai kamawa zan raka wasu ango da amarya Marrakesh, kwana 6, in yi musu hotuna. Kyamarar Canon ce ta yayana, da ita yake ciyar da gida, aro ya ba ni. Ban taɓa fita waje ba, tun da aka buga biza barci ya ƙaurace mini. Akwai kuma ƙaramin diron (jirgi marar matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama) da nake son ɗauka. Yaya zan yi in dawo masa da kayansa lafiya?

Baban Hanif: Wa alaikumus salam. Diron dai bar shi a gida. Tun 2015 Maroko ta hana shigo da shi sai da izini, kwastan za su karɓe tun a filin jirgi. Kyamara da batira a jakar hannu, kar ka kuskura ka auna su da kaya. Ka ɗauki hoton lambar jikinta da rasit ka tura wa yayanka.

Maman Ummi: Ƙanena, na je can sarin kaya. Lungunan tsohon gari ƙunci gare su, babura na wuce ka kamar za su goge ka. Rataya ta a ƙirji, igiyar ta bi ta ƙarƙashin hammata, ka bi gefen bango. A dandalin Jama'ul Fana kuwa masu wasa da maciji da biri ba a ɗaukar su kyauta. Kana ɗaga kyamara za a miƙo maka hannu, ana cikin ciniki mutane sun kewaye ka, nan ne hannu ke shiga jaka. Ware 'yan dirhami a aljihun gaba, ku shirya kafin ka danna. 'Yan sanda da masu gadin fada kuma kar ka ko nuna su.

Ɗan Auta: Na gode Anti. To in zan yi sallah fa?

Malam Mai Hoto: Nan aka fi yin asara, wallahi. Wajen alwala na taɓa ajiye tawa a bayana, kafin in shafi kai ta yi ƙafa, kuma ba a ƙasar waje ba ma. Jaka a gabanka, daidai inda za ka sa goshi. Kullum da dare ka kwashe hotunan zuwa waya, memori kuma ya kwana cikin fasfo. Kyamara ana iya biyan yayanka, hotunan amarya fa?

Ɗan Auta: Allah ya saka da alheri. Bari in je in faɗa wa ango maganar diron, shi ya dage a kai.