Ligament da tendon: duk "jijiya" za mu ce?

Mai Shirin Wasanni: Salamu alaikum malamai. Ranar Alhamis za mu ɗauki shirin rediyo na minti 30 a kan raunukan 'yan ƙwallo, kuma rubutun ya cije a wuri guda. Likitan da zai yi bayani ya raba ligament da tendon, ni kuwa "jijiya" kawai nake da ita. Ga kuma ACL, ɗaya daga cikin ligament ɗin gwiwa, wadda masu sharhin ƙwallo ke furtawa yadda take. Masu sauraronmu 'yan ƙwallon unguwa ne da masu horar da su da iyayensu. Don Allah a taimaka kafin daren Laraba.

Likitan Ƙashi: Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki bar "jijiya" tsirararta. Ta jini jijiya ce, wadda ke ɗauko saƙo daga laka ma jijiya ce, kuma wanda aka ce masa yana da ciwon jijiya murza zai nema. Tendon tsoka yake haɗawa da ƙashi, shi ke jan ƙashin idan tsoka ta motsa. Ligament kuwa ƙashi da ƙashi yake haɗawa, ba ya ja, riƙewa ce aikinsa. A gwiwa manyan guda 4 ne: biyu a gefe, ciki da waje, biyu a can tsakiya sun gitta juna. ACL shi ne na gaba a cikin biyun da suka gitta, tsawonsa santimita 3 zuwa 4, ya taso daga ƙarshen ƙashin cinya ya sauka a saman ƙashin ƙwauri, yana hana ƙwaurin zamewa gaba ko murɗewa. Shawarata: maɗaurin gaɓa, jam'i maɗauran gaɓa.

Mai Gashin Ƙashi: Na bi bayan Dakta. Tendon kuma ba ya bukatar ƙirƙira, agara ce, duk mahaucin da ke kwata ya san ta. Ta bayan dunduniya ita ce mafi girma a jiki. Idan ana zargin ta tsinke, a kwantar da mutum ruf da ciki, a matse masa tsokar sha-raɓa. In tafin ƙafar bai motsa ba, a wuce asibiti a ranar.

Baba Malamin Hausa: Agara ta zauna, ba gardama. Amma "maɗaurin gaɓa" bayani ne, ba suna ba ne. Harshen da ke ta jera kalma biyu uku a kan kowane abu, harshe ne da ya yarda bai isa ba. Muna da tsarkiya, igiyar baka, wadda ke ɗaure kan itace da kan itace, ta riƙe su a miƙe. Ƙashi da ƙashi ke nan. A ce tsarkiyar gwiwa, tsarkiyar idon sawu. Kalma guda, tamu ta gado.

Ɗan Fagge: Larabawa ribaɗ suke ce wa ligament. Me zai hana mu ara, tunda daga can muka ari kalmomin ilmi da yawa?

Baba Malamin Hausa: Ribaɗi ya riga ya shigo Hausa da ma'anar garin tsaron iyaka tun zamanin Daular Usmaniyya ta Sakkwato. Ba a ɗora masa kaya biyu.

Likitan Ƙashi: Baba, Allah ya ƙara girma, matsalata da tsarkiya ta aiki ce. Tsarkiya ana ja ta a saki ta koma. Maɗauri ba haka yake ba: in ya wuce iyakar miƙewarsa zarensa ne ke yagewa, kuma wannan shi ne targaɗe. Mataki na 1, zare kaɗan ne suka taɓu, gaɓa ba ta kwance ba. Na 2, ya yage wani sashe. Na 3, ya tsinke gaba ɗaya. Yaron da ya ji "tsarkiya" zai ɗauka abu ne da ke komawa da kansa, alhali ACL da ya tsinke ba kasafai yake haɗewa yadda yake ba. Shi ya sa tiyatarsa ba ɗinki ba ce, sabo ake dasawa: a yanko agara daga bayan cinya ko daga ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, a huda ƙashin cinya da na ƙwauri, a zura ta a kafe. Kin ga, Hajiya, a jimla ɗaya za ki bukaci kalmomin biyu: an ɗauko agara an mai da ita maɗauri. Da "jijiya" jimlar ba za ta faɗu ba.

Baba Malamin Hausa: Dakta, to faɗi "maɗauri" da ƙarfi ka ji. A rediyo da "maɗori" za a ji shi, wani kuma ya ɗauka bandeji kake nufi. Sannan "maɗaurin gaɓa na gaba", wa zai raba gaɓa da gaba a rubutun waya da ba ƙugiya? Ku mutanen asibiti ku kuka cika mana baki da bandeji da tiyata da filasta, yanzu kuma ku za ku yanke mana hukuncin kalma.

Kociyan Yara: Ranka ya daɗe, asibiti da likita ma aro ne, kuma babu wanda ya ce ba Hausa ba ne. Yaran da ke atisaye a bayan filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, da wuya ka sami wanda ya taɓa riƙe baka. ACL kuwa kowa ya ji ta a sharhin wasannin Ingila. A bar ta ACL kawai.

Malama daga Gwale: Wannan shi ne abin da ke damuna. Duk abin da ya zo daga Turai sai mu ce a bar shi, namu kuwa a ce yara ba su san shi ba. Yaushe za su sani in ba a faɗa a rediyo ba? Masu ɗori sun daɗe suna raba karaya da tsagewa da gocewa da targaɗe tun kafin a buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a 1959. Da Hausa suka yi.

Mai Gashin Ƙashi: Malama, kalmomin huɗu duk muna aiki da su kullum, ba wanda ya raina su. Amma "targaɗe" ɗin ne ke rufe babban rauni. Tsinkewar ACL galibi ba duka ke kawo ta ba: ɗan wasa ne zai kafa ƙafa ya juya da gudu, ko ya dira da gwiwa a miƙe ta karkata ciki. Yakan ji ƙara kamar abu ya ɓalle, gwiwa ta cika da jini cikin awa biyu. Hoton ƙashi zai fito lafiya lau, don ba ya nuna maɗauri, sai a ce targaɗe ne. Kumburi ya saɓe bayan makonni, ya koma fili, gwiwa ta riƙa kwancewa, kowace kwancewa tana cin guringuntsi. Gwajin hannu shi ne a lanƙwasa gwiwa digiri 20 zuwa 30, a riƙe cinya a jawo ƙwauri gaba, hoton MRI, mai nuna maɗauri, ya tabbatar. Bayan tiyata kuma wata 9 zuwa 12 kafin a koma gasa. Ko wace kalma kuka zaɓa, Hajiya, ki faɗi wannan: kwana biyu zuwa ukun farko ba gashi da ruwan zafi, ba murza, ba ja. Ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, minti 15 zuwa 20, duk bayan awa 2 zuwa 3, ƙafa a ɗage sama da ƙirji. Bandeji kada ya matse: in yatsu suka yi sanyi, ko suka mutu, ko launinsu ya sauya, a kwance nan take, don ɗaurin da ya tare jini yana kai wa ga yanke ƙafa. A targaɗen idon sawu kuma, wanda ya kasa taku 4 a kan ƙafar, ko ƙashin da kansa ke ciwo in an danna, a yi hoto.

Baba Malamin Hausa: Duk wannan ilmi ne, na gode. Bai amsa maganar maɗauri da maɗori ba.

Likitan Ƙashi: Gaskiya ne, Baba, kuma ta gaɓa da gaba ma na karɓa. Maganinta kada kalmar ta fito ita kaɗai, kullum a ɗaura ta da wurin: maɗaurin gwiwa, maɗaurin idon sawu, maɗaurin kafaɗa. ACL kuwa kada a ce "na gaba" kawai, mai sauraro zai taɓa agarar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa ya ce ita ce. A ce maɗaurin cikin gwiwa na gaba.

Kociyan Yara: Ya yi tsawo, Dakta. Mai sharhi ba zai iya faɗar wannan ana cikin wasa ba.

Mai Shirin Wasanni: Shirina ba sharhi ba ne, Malam, ina da sarari. Ga abin da na rubuta: tendon agara, ligament maɗauri tare da sunan gaɓar. A farkon shiri zan ce "maɗaurin cikin gwiwa na gaba, wanda ake kira ACL", daga nan in riƙa cewa maɗaurin cikin gwiwa. Baba, zan ambaci tsarkiya sau ɗaya, in ce akwai malaman da suka fi son ta, in nemi masu sauraro su faɗi wadda ta fi shiga kunnensu.

Baba Malamin Hausa: Sau ɗaya bai isa a gwada kalma ba, 'yata. Na bar miki maɗauri don shirin Alhamis, ban bar shi don littafin makaranta ba. Wannan sai an kai wa masana harshe a Jami'ar Bayero sun zauna da likitocin Dala.

Malama daga Gwale: Ni ina nan a kan tsarkiya. Sannan guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da ƙwauri, wanda aka ce kwancewar gwiwa na ci, nasa sunan daban ne a wajenku, ko duk guringuntsi ne?

Likitan Ƙashi: Daban ne, Malama, meniscus, biyu ne a kowace gwiwa. Hajiya, a shirin ki ce guringuntsin tsakiyar gwiwa tukuna.