Bindigar iska tana watsa dalma, saiti ya ƙi zama

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum maharba. Shawara nake nema kan bindigar iska mai karyewa, irin mai sifirin ɗin nan mai araha, bakinta milimita 5.5, ƙotarta katako. Ta zo da madubin saiti 4x32 a cikin kwalinta. Don gafiya da kurege aka saye ta, a wata gona can wajen Ikorodu. A mita 20, harbi biyar ba sa haɗuwa, sai su watsu kamar faɗin tafin hannu, galibi sama da ƙasa. In na murɗa madubin na daidaita, kafin harbi ashirin ya sake gocewa. Wani sa'in tana yin ƙara mai ƙarfi har da ɗan hayaƙi a baki. Kan buhun yashi nake kafa ta don kada ta motsa, kuma ina ɗiga mata man keken ɗinki a ramin iska saboda tsatsa. Dalmar ta gwangwani ce marar suna. Duka-duka an yi harbi kamar 300 da ita. Bututun ne ya lanƙwashe, ko madubin ne na banza?

Mai Gyara Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Malam, bututu bai cika lanƙwashewa haka kawai ba, kuma da shi ne, da dalmarka wuri ɗaya za ta riƙa taruwa, sai dai nesa da inda ka auna. Watsuwa sama da ƙasa tana nuna gudun dalmar ne yake canzawa daga harbi zuwa harbi, ka kuwa faɗi dalilin da bakinka: man nan.

Idan fistin, wato ƙarfen da sifirin ke turawa a cikin bindigar, ya matse iska, zafin da ke tashi a ciki ya isa ya kunna man keke ko baƙin mai, kamar yadda injin dizal yake yi. Shi ne ƙarar da hayaƙin. Harbin da mai ya kama da wuta yakan fita da ƙarfi, na bayansa ya fita da sanyi, ɗaya sama ɗaya ƙasa. In aka daɗe a haka robar kan fistin ta ƙone, sifirin ma yana iya karyewa. Daga yau kada ka ƙara zuba komai a ramin nan. Ka yi ta harbi da dalma mai nauyi har hayaƙin ya ɗauke, wataƙila hamsin, wataƙila ɗari. Nan gaba in ka ji fistin yana kuka, ɗigo ɗaya ko biyu na man silikon da aka yi don bindigar iska ya wadatar. Tsatsar Legas kuwa a waje ake yaƙar ta: tsumma mai ɗan maiƙo, ka goge ƙarfen duk sanda ka taɓa shi, musamman da damina.

Sai sukurori. Akwai biyu a gaban ƙota, dama da hagu, da na wajen gadin kunama. Katako yana shan laimar garin nan ya kumbura, hunturu ya zo ya tsotse shi, girgizar sifirin ta ƙarasa kwance su. Ka ciro su, ka goge maiƙon da ke jikin zarensu, ka sa ɗigon gam ɗin riƙe sukurori, Loctite shuɗi, 243, ban da ja, don ja sai da wuta yake kwancewa. Ka ɗaure na gaban biyu daidai wa daida, ka bar ta ta kwana kafin ka harba.

Abu biyu kuma a mahaɗar da take karyewa. Ka buɗe bututun rabi, ka girgiza shi gefe da gefe. In yana wasa, ka matse babban notin mahaɗar har sai bututun ya iya tsayawa da kansa a inda ka sake shi bayan an ɗana. Sannan robar zoben da ke bayan bututu: ka sa dalma, ka rufe, ka barbaɗa ɗan garin hoda a kan mahaɗar, ka harba cikin yashi. Hodar ta yi tsalle, iska na zuba. A canza robar, ko a sa mata siririn washa a ƙarƙashi.

Tsohon Maharbi:
Duk abin da Mai Gyara ya faɗa haka ne, amma ni buhun yashin nan ya fi tsaya mini a rai. Yaro, bindigar sifirin ba a danne ta. Lokacin da ka taɓa kunama, fistin ne ke fara gudu, bindigar ta ja baya, ta kuma zabura gaba, duk kafin dalma ta bar bututu. In ka kafa katakon kan abu mai tauri, kowane harbi da irin tsallen da za ta yi.

Ka ɗora bayan hannunka na hagu kan buhun, ka buɗe tafin, ka kwantar da bindigar a kai ba tare da ka damƙe ta ba. Wuri ɗaya kullum, kusa da inda nauyinta ya daidaita, ɗan gaban gadin kunama. Manna salatif a wurin don kada ka manta. Kafaɗa ta taɓa kawai, kunci ma haka. Ka ja kunama a hankali da tsokar yatsa, kuma bayan ta tashi kada ka ɗago kai, ka ci gaba da kallon inda ka auna kamar daƙiƙa biyu. Kunamar masu arahar nan tauri gare ta, mai fizgar ta zai ga dalmarsa na tafiya gefe.

Kuma har sai harbi biyar sun shige ƙarƙashin murfin kwalbar lemo a nisan da kake farauta, ka ƙyale gafiya. Raunata ta za ka yi, ta shige rami ta mutu a banza.

Injiniya Mile 12:
Baba ya yi gaskiya. Ni dai kafin komai zan ce a cire madubin gaba ɗaya, a harba biyar-biyar sau uku a mita 10 da saitin ƙarfe na jikin bindigar. Suka haɗu, ka san inda ɓarawon yake.

Gocewar da kake gani bayan harbi ashirin yawanci zamewa ce. Zaburar gaban da Baba ya ambata tana sa ƙafafun madubi su riƙa jan jiki baya a kan layin milimita 11 da ke saman bindigar. Ka ja layi da fensir ko jan farce a bayan ƙafar baya, ka ja wani a jikin bututun madubin dab da zobe, ka yi harbi talatin ka duba. Maganinsa ƙafa mai ƙusar tsayawa wadda ke shiga ramin da ke saman bindigar, in da hali irin mai haɗe guda ɗaya. Wajen ɗaure zobba, ka riƙe alanki ta gajeren hannunsa, ka bi sukurorin a gicciye kaɗan-kaɗan. Ƙarfin tsiya yana matse bututun madubin ya lalata cikinsa.

In bai zame ba, gwada cikinsa. Mafi yawansu ƙyas ɗaya na maɓallin murɗa saiti yana matsar da harbi kamar milimita 7 a mita 100, wato ƙasa kaɗan da milimita 2 a mita 25. To a mita 25 ka harba uku, ka murɗa ƙyas 20 sama, uku. 20 dama, uku. 20 ƙasa, uku. 20 hagu, uku, kana auna ɗigo ɗaya duk tsawon gwajin. Ya kamata ka ga kusurwa huɗu, kowane gefe wajen santimita 3.6, na ƙarshen kuma su faɗa kan na farko. Ba su dawo ba, gilashin ciki ya saki, ba ya gyaruwa. Na cikin kwalin nan da wuya su jure bugun sifirin.

Ka lura kuma: bututun masu karyewa da yawa yana ɗan kallon ƙasa tun daga kamfani, mutum ya yi ta murɗa sama har maɓallin ya ƙure. A nan sifirin ɗin cikin madubi ya yi sako-sako, saiti ba zai taɓa zama ba. Ka mayar da maɓallin tsakiya, ka sa yankin gorar roba sirara guda ɗaya ko biyu a cikin zoben baya, ƙarƙashin madubin.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai. Sukuron gaba na hagu da yatsa ma ya juya, madubin kuma ya ja baya har ya bar sawu a fenti. Saura dalma, wacce zan nema?

Mai Gyara Idi-Araba:
Zuba goma a tafin hannu ka duba siket ɗinsu, wato buɗaɗɗen gindinsu. Ta gwangwani marar suna za ka tarar wasu sun lotse, wasu na faɗawa bututu sakwaf, wasu sai ka tura da ƙarfi. Nemi mai zagayayyen kai: Crosman Premier mai giren 14.3 (giren ma'aunin nauyin dalma ne), ko H&N Field Target Trophy mai 14.66, ko JSB Exact Jumbo mai 15.89, wato wajen giram ɗaya. Masu tsinin kai kyan gani ne kawai, ba su cika haɗuwa ba in nisa ya ƙaru. Marasa nauyin nan masu ƙyalli da ake tallar gudu da su kuwa, fistin suke bari ya daki bango, kusan kamar harbi babu dalma, wanda shi ma kada ka kuskura. Kowane bututu da wadda yake so, don haka kowace iri ka ba ta harbi ashirin ta zauna kafin ka fara auna biyar-biyar, kuma abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, kana rubutawa a jikin kwalin.

Wanke bututu da igiyar kamun kifi da ɗan ƙyalle, daga baya zuwa baki. Sandar ƙarfe tana cin leɓen bakin, in ya ci kuma sai an sake gyara shi. Takardarka ma ta zama a kusa in za ka bi hanyar Ikorodu da ita, don Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda.