Me "let" take nufi a rubutun fasfo?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. A cikin fasfon Najeriya akwai jimlar da ke neman hukumomi su bar mai ɗauke da shi ya wuce "without let or hindrance". Abin da aka koya mana a makaranta shi ne "let" tana nufin bari ko ƙyalewa, to ta yaya za a ce mutum ya wuce ba tare da an ƙyale shi ba? Ko kuskuren ɗab'i ne?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babu kuskure a ciki, kalmomi biyu ne mabambanta suka haɗu a rubutu ɗaya. A tsohon Ingilishi, wanda ake yi kafin mutanen Normandi ta ƙasar Faransa su ci Ingila da yaƙi a 1066, akwai "lætan" mai nufin bari, akwai kuma "lettan" mai nufin hanawa ko jinkirtawa, wadda asalinta ɗaya da "late". Da tafiya ta yi nisa sai dukkansu suka koma "let", ta farkon ta mamaye bakin jama'a, ta biyun kuwa ta maƙale a harshen shari'a, inda lauyoyi suka saba jera kalmomi biyu masu ma'ana guda, kamar "null and void". Saboda haka jimlar tana nufin ba tare da cikas ko tsaiko ba, kuma daga fasfon Birtaniya muka gaje ta.

'Yar wasanni: Allah ya saka da alheri, Malam. Tsohuwar ma'anar ta cikas tana nan a wasan tanis, domin idan ƙwallon farawa ya taɓa raga sannan ya sauka inda ya dace, alƙalin wasa yakan ce "let", a sake bugawa.

Ma'aikacin laburare: Ƙaramin ƙamus na aljihu ba ya wadatarwa a irin wannan bincike. A nemi babban ƙamus na Oxford, wanda aka kammala bugunsa na farko a 1928, na biyu kuma ya fito a 1989 cikin juzu'i 20, domin yana jera ma'anonin kalma bisa tarihinsu, yana kuma sa alama mai kama da wuƙa a gaban waɗanda aka daina amfani da su. A can za ka tarar "nice" ta taɓa nufin wawa, "meat" kuma kowane irin abinci. Sai dai ba na ba ka shawarar sa "let" da wannan ma'ana a wasiƙar neman aiki, mai karantawa zai ɗauka akasin abin da kake nufi ne.