Harshen makullin wuƙata ya kusa taɓa ɗaya bangon, in ci gaba da aiki da ita?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Ina da wuƙa mai naɗewa da wana ya kawo mini tsaraba daga Agadas shekara 3 ke nan. Irin wadda in ka buɗe ta, wani siririn ƙarfe da ke kwance cikin mariƙin sai ya zabura ya tokare gindin ruwan wuƙar, ka ji ƙas! In za ka rufe sai ka tura shi gefe da babban yatsa. Ni harshe nake ce masa. Ɗinkin fata nake yi nan Damagaram, jaka da takalma da kube. Da ita nake yanke zare da gyara bakin fata, da Layya kuma na feɗe rago biyu da ita.

Tana sabuwa, harshen bai kama fiye da kashi ɗaya cikin uku na gindin ba. Yanzu ya wuce tsakiya, saura kamar kaurin farce ya taɓa ɗaya bangon mariƙin. Jiya na riƙe bayan ruwan na girgiza, sai na ji motsi sama da ƙasa, da kuma gefe da gefe. Ina son wuƙar nan saboda wanda ya ba ni ita, amma yatsuna su ne jarina. Ta mutu ke nan?

Baba Maƙeri na Zango:
Wa alaikumus salam, yarona. Tafiyar harshen ita kaɗai ba mutuwa ba ce, haka aka ƙera shi. Ka duba gindin ruwan da kyau, za ka ga ba a tsaye aka yanke shi ba, an ɗan karkace shi kamar gangare. Duk buɗewa da rufewa ƙarfe yana cin ƙarfe, kuma harshen ya fi ruwan taushi, shi ke cinyewa. Yana cinyewa yana ƙara matsawa ciki don ya cike giɓin. Wani maƙeri ɗan Amurka, Michael Walker, shi ya gyara wannan makulli a 1980, kuma wannan gangaren na cikin hikimar abin: makullin yana bin lalacewarsa da kansa. To amma ran da ya kai bango, ba shi da sauran wurin zuwa. Daga nan ruwan zai fara rawa.

Ƙurarmu ma na da hannu. Yashin hunturu in ya haɗu da mai da kitsen rago, ya zama dutsen wasa a cikin wuƙarka. Ka wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, ta bushe sarai. Ɗigon mai ɗaya a notin tsakiya ya isa. Inda harshe ke haɗuwa da gindi kuwa kada mai ya taɓa shi ko kaɗan, santsi ne ke sa shi zamewa. Ka ɗan ƙara ɗaure notin, motsin gefe zai tafi. Sannan ka buɗe ta, ka janye yatsunka daga hanyar kaifin, ka danna bayan ruwan da ƙarfin hannu a hankali kana kallon harshen. In ka ga yana ja da baya, ka ajiye ta.

Mai Kabu-kabu:
Yaya Ɗan Birni, ni dai na bar irin waɗannan. Opinel nake riƙewa, ta Faransa, mai zobe a wuya da ake murɗawa. In kana son gwada taka, ka buga bayanta da ƙarfi a kan benci, in ba ta rufe ba lafiya lau take.

Baba Maƙeri na Zango:
A'a, kada ya buga. Dukan nan yana lotsa bakin harshen, ka ƙara wa wuƙar tsufan shekara a minti ɗaya. Haka masu wurga ta da ƙarfi ta buɗe don burgewa, su ma cinye ta suke yi.

Ɗan Birni:
Baba, Allah ya saka da alheri. Na wanke ta, abin da ya fito na baƙin datti da zaren aljihu ya ba ni mamaki. Na ɗaure notin, motsin gefen ya tafi gaba ɗaya. Na danna bayanta yadda ka ce, harshen bai gusa ba. Sai dai na sama da ƙasan nan yana nan, kaɗan, amma ina jin sa a hannu. Na yanke shawarar fiɗa da fata mai kauri zan koma wa wuƙar maƙera mai kube, wannan ta tsaya a zare. Ko akwai gyaran da zai maido harshen baya?

Baba Maƙeri na Zango:
Akwai. A bayan gindin akwai wata ƴar ƙusa da ruwan ke jingina da ita in ya buɗe. Sau da yawa ita ce ta lotse. In aka juya ta, ko aka sa wadda ta ɗan fi ta kauri, ruwan zai tsaya da wuri, harshen kuma ya koma wajen tsakiya. Kada ka sa guduma ka ce za ka miƙar da harshen da kanka. Ka kawo ta rumfata ran Alhamis bayan la'asar in gani, ka taho da ɗan makullin da ka ɗaure notin da shi.